Sarauniya Mangu ta Lugu: tsakanin takardun Nasara, littafin hikaya da bakin dattawa

Tun da aka kafa kundin sani na Wikipedia a shekarar 2001, tarihin mutane ya samu sabuwar rumfa, wadda ɗalibi kan fara leƙawa kafin ya tambayi malaminsa. Sai dai shiga wannan rumfa yana da sharuɗɗa guda biyu. Na farko shi ne shahara, wato a ce an yi rubutu mai zurfi a kan mutum a cikin littattafai, ko mujallun ilmi, ko jaridun da aka yarda da su, kuma waɗanda suka yi rubutun ba su da haɗin moriya da shi. Na biyu shi ne kowace magana a jingina ta ga madogarar da wani zai iya komawa ya duba. Abin da mutum ya ji daga bakin kakansa, komi gaskiyarsa, ba ya shiga sai an riga an wallafa shi. Tarihin Sarauniya Mangu ya isa misali na yadda waɗannan sharuɗɗa ke aiki a ƙasar da mafi yawan tarihinta a ka yake.

Abin da aka tabbatar a kanta ba shi da yawa. A shekarar 1898 gwamnatin Faransa ta tura rundunar da kaftin Voulet da Chanoine ke jagoranta domin ta kai tafkin Cadi. Ranar 16 ga Afrilu 1899 rundunar ta auka wa Lugu, garin Azna da ke ƙasar Arewa, a yankin Dogon Dutsi. Mutanen garin suka ja daga cikin kurmi, suka yi ta ruwan kibau. Rahoton Nasara ya ce an kashe musu soja 4, an raunata 6. Aka ƙone garin, amma ba a kama Sarauniya ba. A watan Mayu rundunar ta yi kisan gilla a Birnin Ƙonni. Ranar 14 ga Yuli Voulet ya sa aka harbe kanar Klobb a Dankori, kusa da Tasawa, shi da aka aiko ya tsayar da su. Kwana biyu zuwa uku bayan haka, sojojinsu suka kashe Chanoine da Voulet, kuma kafin watan ya ƙare ragowar rundunar ta shiga Damagaram.

Madogara ta farko ke nan: takardun sojan Faransa, waɗanda ke ajiye a gidan adana takardun mulkin mallaka da ke Aix-en-Provence, da kuma littafin da Joalland, ɗaya daga cikin hafsoshin rundunar, ya fitar a 1930 a kan abin da ya faru a Dankori. Amfanin waɗannan takardu shi ne suna da rana da wata da adadi. Aibinsu kuwa, alƙalamin maƙiyi ne ya rubuta su. Layuka kaɗan suka ba Sarauniya, Joalland kuma ya kwatanta ta da tsohuwar mayya. Wanda ya ƙone gari ba shi ne zai faɗi darajar mai garin ba.

Madogara ta biyu ita ce ta fi yaɗuwa, ita ce kuma ta fi bukatar hattara. A 1980 Abdoulaye Mamani, ɗan gwagwarmayar Sawaba wanda ya sha gudun hijira da kurkuku, ya wallafa littafinsa mai suna Sarraounia a birnin Paris. Med Hondo, ɗan ƙasar Muritaniya, ya mayar da shi silima a 1986, aka ɗauki hoton a Burkina Faso, kuma ya ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1987. Daga nan ne hoton jaruma mai ƙuruciya, mai jan mayaƙa da kanta, ya zauna a zukatan jama'a. Mamani ya yi aikin da marubucin hikaya ke da ikon yi: ya cike giɓi da tunaninsa, ya sa wa mutane magana a baka. Littafin nasa hujja ce a kan yadda Nijar ta nemi gwarzayenta bayan samun mulkin kai a 1960, amma ba ya zama shaida a kan abin da ya faru a 1899. Duk marubucin da ya kwafo labarin ƙuruciyar Sarauniya daga hikayar ya sa shi cikin tarihinta, to ya ɗauki fura ya kira ta nono.

Madogara ta uku tana Lugu. A can, Sarauniya sarauta ce da mata ke gada tun kafin zuwan Nasara, kuma ta ci gaba bayansu. Dattawa na danganta asalinta da Daura, suna kuma haɗa ta da Tunguma, dutsen da ake kai wa ƙara. Mai riƙe da sarautar uwar tsafi ce mai zaman ɗaki, wadda ƙarfinta ke ga asiri da kwarjini. Wannan ya bambanta da matar da aka gani a silima. Sai dai bakin dattawa ma yana da nasa rauni: ba ya riƙe ranaku, yakan haɗa sarauniyoyi da dama ya mai da su mutum guda, kuma tun bayan fitowar silimar akwai tsoron mai ba da labari ya maimaita abin da ya gani a majigi yana zaton daga kakanni ya ji shi.

Abin da ya sa ake iya rubuta ingantaccen tarihin Sarauniya shi ne masana sun zauna sun auna waɗannan madogarai uku. Aikin Antoinette Tidjani Alou ta jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, da na Elara Bertho a Faransa, sun rarrabe abin da takardu suka faɗa, da abin da Mamani ya ƙirƙira, da abin da mutanen Lugu suka riƙe. Irin wannan rubutu ne kundin sani ke nema, domin ya bi ta hannun masu tacewa kafin a buga shi, kuma yana faɗin inda ya samo kowace magana.

To, Sarauniya Mangu ta yi sa'a, ta samu marubuci da mai silima da masu bincike. Waɗanda suka riƙe sarautar kafinta da bayanta fa? Haka nan malamai, da mawaƙan fada, da madugai, da mata ƴan kasuwa na Katsinar Maraɗi, da Adar, da Damagaram, waɗanda sunansu ya cika gari amma bai shiga takarda ba. A ma'aunin kundin sani ba su da shahara, alhali kuwa rubutu ne ya yi ƙaranci.

Hanyar gyara ba sabuwa ba ce. Tun 1961 Jan Vansina ya shimfiɗa ƙa'idojin tace tarihin baka. A 1968 aka kafa cibiyar tattara tarihin baka a Yamai, wadda ta koma ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a 1974, ita ce CELHTO. André Salifou ya haɗa takardu da hirar dattawa ya fitar da tarihin Damagaram a 1971, kuma da irin wannan littafi ake kafa hujja.

Nan ne aikin malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu ya shigo. Idan za a ɗauki maganar dattijo, ya kamata a rubuta sunansa, da garinsu, da ranar hirar, da wanda shi ma ya ji labarin daga gare shi. A tambayi gida fiye da ɗaya, har da gidan da ake saɓani da shi. A rubuta maganar da Hausa yadda aka faɗe ta kafin a fassara, a ajiye faifan a cibiyar bincike ta IRSH ko a CELHTO, sa'an nan a buga sakamakon a mujalla mai kwamitin tacewa. Bayan an bi waɗannan matakai ne maganar zaure ke zama madogara, har wani ɗalibi a Tawa ko Dogon Dutsi ya iya buɗe shafin kakansa ya tarar da lambar shafin littafin da aka dogara da shi.