Muhawarar Fassara, Iko da Naɗin Mata a Ikilisiyoyin Ƙasar Hausa

Muhawara ce da ta daɗe tsakanin Kiristoci kan wanda ke da hurumin fassara Littafi Mai Tsarki da yanke hukunci a ikilisiya, da kuma ko mace za ta iya zama fasto. A garuruwan gabashin Kano irin su Kademi da Gaya da Ajingi, inda kusan kowa Musulmi ne, sai a ɗauka zancen Turai ne. Amma Kiristocin Hausawa na kudancin Kano da Zazzau da Katsina da Maraɗi sun daɗe suna cikinsa.

Tushen labarin ya riga zuwan Turawa. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wani malami mai suna Ibrahim ya riƙa karantar da almajiransa fifikon Annabi Isa bisa fahimtarsa ta Alƙur'ani. Fada ba ta lamunta ba, aka kashe shi a kasuwar Kano, mabiyansa da ake kira Isawa suka watse zuwa Ningi da ƙasar Zazzau. Su ba Kiristoci ba ne a lokacin. Sai a 1913 wasu daga zuriyarsu suka haɗu da Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS, suka zauna a Gimi. Ciwon barci ya yi wa ƙauyen ɓarna, daga baya Wusasa ta zama cibiya a 1929.

Miller ne ya ja gaba a aikin fassarar da ta fito a 1932, cikakken Littafi Mai Tsarki na farko da Hausa. Da littafin ya shiga hannun mai bishara na ƙauye, sai tambayoyi suka taso. Babbar cikinsu ita ce ta auren mace fiye da ɗaya. Turawan mishan sun hana mai mata biyu baftisma sai ya saki ɗaya, shi kuwa Bamaguje da ya koyi karatu ya buɗe Tsohon Alkawari ya tarar da Ibrahim da Yakubu da Dawuda duk sun yi mata fiye da ɗaya. Ina za a kai uwargida ko amarya da 'ya'yanta? Taron bishop-bishop na Angalikan a Lambeth ya tsaurara a 1888, bai sassauta ba sai 1988.

Batun iko ya biyo baya. Ikilisiyoyin da mishan ɗin SIM ta dasa sun haɗu suka zama ECWA a 1954, ɗarikar Angalikan ta Najeriya kuma ta zama lardi mai cin gashin kansa a 1979. An karɓi mulki daga hannun Bature, amma an riƙe karatunsa na ra'ayin mazan jiya gam, har aka wayi gari ɗalibi ya fi malaminsa tsauri. A 2005, ƙarƙashin Akbishop Peter Akinola, cocin Angalikan ta Najeriya ta cire ambaton kujerar Kantabari daga kundin tsarinta, bayan rigimar naɗa bishop mai neman maza a Amurka a 2003.

Naɗin mata shi ne inda ayoyi suka fi karo da juna. Masu hani suna kafa hujja da wasiƙar Bulus ta fari ga Timoti sura 2 da ta fari ga Korintiyawa sura 14, da cewa manzannin Yesu goma sha biyu duk maza ne. Masu yarda suna kawo Galatiyawa sura 3, da Debora wadda ta yi alƙalanci a Isra'ila, da Fibi mai hidima a ikilisiya, da Maryamu Magadaliya wadda ta fara kai labarin tashin Almasihu. Kowane ɓangare na cewa ɗayan ya bar nassi ya bi al'ada, ko ta Turai ko ta gida.

Wanda ya taɓa shiga cocin Hausa ranar Lahadi ya san inda ƙarfin yake. Zumuntar Mata kan miƙe da anko, zani da ɗankwali iri ɗaya, wata na buga bakin tulu, wata na kaɗa caki, mai ba da waƙa na jan baiti ana amsawa. Su ne masu dubiya, su ne masu girkin zaman makoki, su ne masu bin ƙauyuka da bishara da kuɗin da suka tara. Waƙarsu sau da yawa ta fi wa'azin fasto shiga zuciya. Amma in an zo Jibin Ubangiji da baftisma da ɗaurin aure, sai namiji. Abin lura, matan mishan na farko ma sun koyar, sun yi jinya a asibitocin kutare irin na Yadakunya, sun karanta wa maza Littafi, ba tare da an keɓe su ba.

Ɗarikoki sun rabu a kan lamarin. Cocin Firesbiteriya ta Najeriya ta keɓe mace ta farko, Mgbeke George Okore, a 1982. Lutheran ta Numan, wato LCCN, ta bi sahu a 1996. A ƙarshen 1993 Bishop Herbert Haruna na Kwara ya naɗa mata uku dikon, majalisar bishop-bishop ta Angalikan ta ce naɗin bai inganta ba. A 1994 Cocin Ingila ta fara naɗa mata limamai, a shekarar kuma Fafaroma John Paul na Biyu ya rufe ƙofar ga Katolika.

Rigimar ta sake tashi a Oktoban 2025 da aka sanar da Sarah Mullally a matsayin Akbishop na Kantabari, mace ta farko a kujerar. Shugaban Angalikan na Najeriya, Henry Ndukuba, wanda ya daɗe yana bishop a Gwambe, ya fito fili ya yi tir da zaɓin. ECWA da Angalikan ta Najeriya da Katolika, manyan ikilisiyoyin da Hausawan Kano ke ciki, har yau babu wadda ke ba mace limanci.