Inuwar Abin Da Ba Ya Ganuwa

'Yan uwana mata, duk wadda ta tashi a Kusfa ta san unguwar malamai ce, tun muna yara muke jiyo zancen hisabi da taurari daga zaure. Amma ni ban taɓa damuwa da sama ba sai ranar 29 ga Maris 2006, ina 'yar budurwa, da aka yi husufin rana. Da hantsi gari ya yi dishi-dishi, maza suka nufi masallaci, mu kuwa Inna ta zuba ruwa a daro muka dinga leƙen rana a ciki. Ashe ma yin hakan yana ɓata ido! A Katsina da Gusau kam rufewa ta yi ruf.

To irin wannan husufin ne ya buɗe labarin da zan ba ku. A 1915 Einstein ya ce abu mai tsananin nauyi yana lanƙwasa hanyar haske. Ran 29 ga Mayu 1919 wani Bature, Eddington, ya tsaya a tsibirin Firinsipe da ke cikin teku kudu da Najeriya, ya jira wata ya tare rana, ya ɗauki hoton taurarin da ke gefenta. Sai ga su sun ɗan goce daga mazauninsu, kamar yadda aka faɗa.

Daga wannan lissafi aka gane akwai baƙin rami: wurin da nauyi ya taru har ko haske ya faɗa ba ya fitowa. To yaya za a ɗauki hoton abin da ba ya haske? Kun dai san tukunya a kan murhu da dare, ba ita ake gani ba, wutar da ta kewaye ta ce ke nuna siffarta. Haka iskar gas mai zafi take kewaya ramin tana ƙyalli, tsakiya kuwa duhu. Wannan duhun shi ne inuwar.

A Afrilun 2017 aka saita na'urorin hangen nesa takwas lokaci guda, daga Cile da Hawai da Meziko da Sifen da Arizona har ƙuryar kudancin duniya, suka zama tamkar ido ɗaya mai faɗin duniya. Shekara biyu ana haɗa bayanan. Ran 10 ga Afrilu 2019, shekara ɗari bayan Firinsipe, aka fito da hoton ramin M87, mai nauyin rana biliyan 6.5: zobe ja kamar garwashi, cikinsa baƙi wuluk.

Cikin mutum sama da 200 da suka yi aikin har da Katie Bouman, lokacin shekarunta 29. Hotonta na nuna wa maigida a daren da ya ce ajin kimiyya wahala ce ga 'ya mace, gara a canza wa 'yarmu. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a bar ta zuwa ƙarshen zango tukuna.