Wa Ke Biyan Makaɗi? Tarihin Kiɗan Dandali a Ƙasar Kwaya da Kewayenta

Gabatarwa

A harshen Hausa kalmar kyauta tana da fuska biyu. Idan aka ce kallo kyauta ne, ana nufin ba a karɓar ko dala a bakin ƙofa. Idan kuma aka ce an yi wa makaɗi kyauta, ana nufin an ba shi riga, ko damin gero, ko kuɗi. Tarihin kiɗan dandali a Kwaya, da sauran garuruwan gundumomin Magarya da Dungas na jahar Damagaram, yana tafiya ne tsakanin waɗannan ma'anoni biyu. Shekaru aru-aru mutanen wannan yanki suna kallon wasa ba su sayi tikiti ba, makaɗansu kuwa suna ci suna sha, suna aurar da ƴaƴansu da abin da ganga ta kawo. Wannan maƙala za ta bi sawun wanda ya riƙa ɗaukar nauyin wasan daga zamani zuwa zamani, domin a nan ne za a gane abin da ya raya dandali, da abin da ya sa ya yi sanyi.

Ƙasar da ake magana a kanta

Kwaya ƙaramar hukuma ce a gundumar Magarya, tare da Bande, Ɗan Ciyo, Sasumburum, Washa da Yekuwa. Dungas ma a cikin Magarya take har shekarar 2011, lokacin da aka mayar da ita gunduma mai zaman kanta. Washa da Dungas da Miriya su ne tsoffin ƙasashen Sosebaki, waɗanda Damagaram ta mamaye a ƙarni na 19, sarautar Magarya kuwa tana da tushe a gidan Haɓen Daura da jihadi ya tarwatsa. Iyakar da Faransa da Ingila suka shata, aka kafa mata alamomi tsakanin 1906 da 1908, ta ratsa tsakiyar mutane masu harshe ɗaya da kiɗa ɗaya. Makaɗin da ya kwana a Magarya yana iya wayar gari a kasuwar Ɓaɓura ko Maigatari, ya sami masu jin takensu a bakin kalangunsa. Saboda haka duk abin da za a faɗa game da dandalin wannan yanki yana da dangantaka da Daura da Gumel da Kano, kamar yadda yake da ita da birnin Damagaram.

Ƙofar fada da kiɗan sana'a

Wasa na farko da talaka ya saba gani ba tare da biya ba shi ne na ƙofar fada. A masarautun ƙasar Hausa akwai al'adar sara, wato kiɗan da makaɗan sarki suke yi da yammacin Alhamis don tarbar Juma'a, da kakaki da algaita da ganguna. Kowa yana iya tsayawa ya saurara, mai kuɗi da almajiri, ɗan gari da baƙo. Amma makaɗin fada ba don Allah yake busa ba. Sarki ne ke ciyar da shi, ya tufatar da shi, wani lokaci ya ba shi doki ko gona. Ma'azu Ɗan Alalo, wanda sunansa ya game ƙasar Hausa, da irin wannan riƙo na fadar Damagaram ya yi rayuwarsa ta waƙa. Abin da sarki ke saye da kyautarsa shi ne suna da kwarjini, jama'ar da ta taru kuwa ita ce shaida. Ba don ƴan kallo ba, da kirarin ya faɗi ƙasa banza.

Wannan tsari bai tsaya a fada ba. Kusan kowace sana'a tana da makaɗanta: kalangu na mahauta, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma, garaya da goge na ƴan bori, komo na maharba. David Ames da Anthony King sun tattara sunayen waɗannan kayan kiɗa da wuraren da ake amfani da su a littafin da suka fitar a 1971, kuma abin da ke fitowa fili daga aikinsu shi ne kowane kiɗa yana da uban gida. Ranar gayya, mai gona ne ke ciyar da makaɗi, idan kaka ta yi kuma a kai masa dami. Ranar kasuwa, mahauci ne ke yanka wa mai kalangu tsoka. Mai wucewa ya ji kiɗa a banza, amma wani ya riga ya biya.

Dandali da tsarinsa

Dandali shi ne ƙaramin fili da ke tsakiyar gari ko unguwa, sau da yawa a gindin wata babbar bishiya ko kusa da ƙofar mai gari. Ba shi da katanga, ba shi da ƙofa, fitilarsa farin wata. Bayan an gama aikin gona, musamman daga kaka zuwa sanyi, ƴammata kan fito gaɗa da tafi, mai kalangu ya zo, samari su kewaye. A lokacin ne kuma ake kalankuwa, da kokowa tsakanin ƙauyuka, da bukukuwan aure.

Wanda ya kalli dandali daga nesa zai zaci taro ne kawai na nishaɗi, alhali yana da shugabanni da dokoki. Sarkin samari ne ke kiran makaɗi, ya nema masa masauki, ya raba faɗa idan ya tashi, ƴammata ma suna da shugabarsu. Biyan makaɗi kuwa a bainar jama'a ake yin sa. Saurayi ya miƙa kuɗi don a kiɗa taken budurwarsa, maroƙi ko sanƙira ya ɗaga murya ya faɗi sunan mai kyauta da sunan ubansa da adadin abin da ya bayar, abokin hamayyarsa ya ji, ya ƙara a kai. Hausawa sun ce yaba kyauta tukuici, to a dandali tukuicin shi ne a ji sunanka. Ta haka mai hali ke biya wa marar hali, yaro da tsohuwa da baƙon da ya sauka jiya su sha kallo daidai da wanda ya zubar da jika guda. Masanin zaman jama'a Guy Nicolas, wanda ya yi bincike a Kance da Maraɗi, ya nuna yadda musayar kyauta take riƙe da zumunci da daraja a wannan ƙasa, kiɗan dandali kuwa reshe ne na wannan musaya.

Akwai wani amfani da ba a cika ambata ba. Dandali makaranta ce. Ɗan makaɗi yana fara riƙe ƙaramar ganga a bayan ubansa, yarinya tana koyon amshi daga yayyenta, yaro yana haddace kirarin gidansu tun bai san ma'anarsa ba. Ba a taɓa rubuta manhajar wannan karatu ba, kuma babu inda ake bayar da shi sai a filin.

Zamanin gyaɗa

Da mulkin mallaka ya kafu, gyaɗa ta zama abin sayarwa a kudancin Damagaram, Magarya da Matamai suka shiga sahun manyan wuraren cinikinta. Bayan samun ƴancin kai a 1960, gwamnati ta kafa kamfanin SONARA a 1962 don saye da fitar da ita. Kuɗin gyaɗa yana shigowa ne a lokaci guda, bayan kaka, daidai lokacin da dandali ke cika. Saurayin da ya sayar da abin da ya noma a gayaunarsa yana da abin da zai miƙa wa mai kalangu ba tare da ya roƙi ubansa ba. Wannan ne ya ƙarfafa makaɗan jama'a, waɗanda ba su dogara da sarki ko sana'a ɗaya ba, suna bin kasuwanni da bukukuwa. A hayin iyaka kuwa tauraron Mamman Shata da na Ɗan Maraya Jos yana haskawa, rediyon Kaduna da ya fara aiki a 1962 yana kai muryoyinsu har ƙauyukan Nijar, ƙananan makaɗa suna ɗaukar salo daga gare su.

Farin 1973 da 1974, da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975, sun karya wannan tattali. Da aljihun manomi ya bushe, hannun da ke miƙa kyauta ya janye, samari da yawa suka kama hanyar ci-rani zuwa Kano da Legas a daidai watannin da a da suke cika fili.

Samariya: gwamnati ta zama uban gida

Seyni Kunce ya karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974, ya rushe jam'iyya, ya nemi wata hanya ta isa ga jama'a. Sai ya ɗauko tsohuwar samariya ta gargajiya ya mayar da ita ƙungiyar ƙasa. A garuruwa da unguwanni matasa suka gina gidajen samariya da hannunsu, aka riƙa gwajin waƙa da rawa da wasan kwaikwayo a cikinsu. Gasar kokowa ta ƙasa ta fara a Tawa a 1975, bikin matasa na ƙasa kuma ya riƙa zagaya manyan birane, ana tace gwanaye tun daga ƙauye har zuwa jaha. A Damagaram wasan kwaikwayon Hausa ya bunƙasa a hannun malaman makaranta irin su Yazi Dogo, gidan matasa da al'adu na birnin kuma aka sa masa sunan Abdu Salam Adam. Malam Mamman Barka, ɗan Taskar da ya yi suna da gurmi kafin ya koma ga biram, ya rasu a 2018, shi ma daga aikin koyarwa ya fito. A 1987 aka ƙirƙiro gasar Ɗan Gurmu don kiɗan zamani.

Wannan zamani ya yi wa al'ada hidima babba. Yaran da ba ƴaƴan makaɗa ba sun sami damar yin waƙa ba tare da an kira su maroƙa ba, kuma Muryar Sahel ta naɗi waƙoƙin ƙauyuka da dama. Sai dai kowane uban gida yana da abin da yake so a faɗa. Kirarin saurayi da zambon marowaci suka ja baya, waƙoƙin haɗin kai da noma da yaƙi da jahilci suka shige gaba. Ɗan wasan samariya kuma aikin ƙasa yake yi, ladansa tafi da lambar yabo. Jama'a ta saba da cewa shirya wasa aikin hukuma ne. Da Kunce ya rasu a 1987, taron ƙasa na 1991 kuma ya kawo ƙarshen mulkin jam'iyya ɗaya, samariya ta watse, ba ta bar magaji ba, tsohuwar al'adar sarkin samari kuwa ta riga ta raunana.

Tikiti, kaset da wayar hannu

Abubuwa uku suka biyo baya. Na farko, wasa ya koma cikin katanga, a gidajen al'adu da otal-otal, inda sai da tikiti ake shiga, ga kuma karyewar darajar sefa a Janairun 1994 da ta ƙara wa talaka nauyi. Na biyu, wa'azin malamai a kan cakuɗuwar maza da mata da dare ya yi ƙarfi, kuma daga shekarar 2000 jihohin Kano, Katsina da Jigawa suka ƙaddamar da shari'a, abin da ya taƙaita yawon makaɗa a hayin iyaka. Ya kamata a tuna cewa wannan muhawara tsohuwa ce, tun zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo malamai suke bambanta kiɗan da ya halatta da wanda bai halatta ba. Na uku, na'ura ta shigo. Kaset, sannan finafinan Kano da suka fara a 1990 da waƙoƙinsu na fiyano, sannan katin wayar hannu, suka sa mai biki yana iya ɗauko mai lasifika ɗaya a maimakon makaɗa biyar da ƴan amshinsu. A nan ne kiɗa ya zama kyauta ta fuska ɗaya kawai: kowa yana ji, ba wanda ke miƙa wa mai shi komai.

Misali daga wata ƙasa

Ba Hausawa kaɗai suka san wannan matsala ba. A farkon shekarun 1960, a unguwar Greenwich Village ta birnin New York a Amurka, akwai ƙananan gidajen shan gahawa da mawaƙan gargajiya ke wasa ba tare da albashi ba, idan sun gama a zagaya da kwando kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa. A irin waɗannan ɗakuna Bob Dylan ya fara lokacin da ya isa birnin a 1961. Manyan mawaƙan soul irin su Aretha Franklin kuwa a majami'u suka koyi waƙa, inda ba a sayar da tikiti, jama'ar wurin ce ke ɗaukar nauyi. Ko a can, ƙaramin wuri marar kuɗin shiga shi ne gonar da ake shuka gwanaye, kuma yana rayuwa ne muddin akwai mai sa hannu a aljihu.

Kammalawa

Daga sarki zuwa mahauci, daga manomin gyaɗa zuwa gwamnati, kiɗan da talakan Kwaya da Magarya da Dungas ya kalla a banza bai taɓa rasa mai biya ba sai a wannan zamani. Banza kuwa ba ta kai zomo kasuwa. Malaman makaranta da ƙungiyoyin raya al'adu da ke son mayar da wasa filin makaranta ko ƙofar mai gari suna da gado mai kyau da za su tsaya a kai, amma su fara da tambayar da sarkin samari yake fara yi: wa zai ciyar da makaɗi, wa zai sallame shi? Ana iya kafa asusu daga ƙungiyar iyayen yara, da ƴan kasuwa, da ƴan gari mazauna Kano ko Yamai, a yanke ladan makaɗi tun kafin ya ɗaura ganga, a bar ƙofa a buɗe, a kuma bar wa maroƙi aikinsa na faɗin sunan mai kyauta. A zaɓi lokacin da iyaye da malaman addini za su aminta da shi, kamar bayan la'asar. A sa ɗalibai su zauna kusa da tsofaffin makaɗa, su rubuta take da kirari da sunan kowace ganga. Tsohon da ya san taken kowane gida a garinsu ba zai jira mu har abada ba, ɗansa kuma ba zai gaji kalangu ba sai ya ga kalangun yana ciyar da gida.