Kanwa da Toka, 'Yan Ɗaki Ɗaya

Duk wanda ya ratsa kasuwar Iyana Ipaja ko ta Agege zai ga kanwa an kasa ta a faranti kusa da daddawa da barkono. Bayarabiya na jefa ta a miyar lalo, 'yan ƙabilar Ibo na kaɗa manja da ita. Amma ba a Legas ake haƙo ta ba. Daga ƙasar Manga da gaɓar Tafkin Chadi take fitowa, inda ruwa ke ƙafewa ya bar ta a ƙasa.

Tun kafin zuwan Turawa fatake ke loda ta a kan jakuna, madugu a gaba, ana yada zango har ƙasar Yarabawa da Gwanja, a sayar da kanwa a sayo goro. Da layin dogo ya isa Kano a 1911, ya kai Nguru a 1930, sai jirgin ƙasa ya karɓi aikin jaki. Goron gonakin Agege ya zaunar da Hausawa da yawa a nan, kanwa kuma ta biyo su.

Abin da ke burge ni shi ne yadda mutanenmu suka rarraba ta. Akwai jar kanwa, akwai fara, akwai ungurnu, kowace da inda ta fi amfani: wannan ta dabbobi, waccan ta taba, wata ta kunu. Gishiri ma haka, manda daban, kantu da beza na Bilma daban. Launi da ɗanɗano da aiki su ne ma'auninsu. Kakata kuwa, in kanwa ta yanke mata, ba ta aiken kowa kasuwa. Tokar kara take tacewa, ruwan tokar ya sa wake ya nuna, ya sa kuɓewa yauƙi. Masu rini a Ƙofar Mata da masu sabulun salo su ma toka ce jarinsu.

Me ya sa ɗaya ke maye gurbin ɗaya? Turawa ma sun daɗe suna ɗaukar su abu guda, sai a 1736 wani Bafaranshe, Duhamel du Monceau, ya nuna bambancinsu. A 1807 Humphry Davy na Ingila ya yi amfani da lantarki ya ware ƙarafa biyu: sodiyam, wanda ke cikin kanwa, da fotasiyam, wanda ke cikin toka. Dukansu masu taushi ne, wuƙa na yanka su, kuma ba sa ga maciji da ruwa, shi ya sa ake ajiye su cikin mai.

A 1869 Dmitri Mendeleev na Rasha ya jera sinadarai 63 da aka sani a jadawali bisa nauyi da hali, sai biyun suka faɗo rukuni ɗaya. Yau jadawalin na da sinadarai 118 cikin rukuni 18. Sodiyam ne na 11, fotasiyam na 19, kowanne da ilektiron ɗaya tak a zagayensa na waje, kuma daga nan halinsu ya zo ɗaya. Litiyam ɗin da ake rububin haƙa a Nasarawa saboda batir, shi ma ɗan ɗakinsu ne.

Ban ce kakanninmu sun riga Mendeleev ba. Sun san aiki, shi ya nemo tsari. Sai dai tsarin ya tona abin da harshe bai ɗanɗana ba: sodiyam ɗin kanwa shi ne na gishiri. A shekarun 1970 likitoci a Zariya sun danganta yawan shan kunun kanwa da wankan jego da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Don haka, iyaye mata, in za a dama wa mai jego kunu, a sassauta hannu, musamman in tana da hawan jini.