Tsutsar Wuyan Doki: Alamominta, Maganinta da Haɗarinta ga Mutum

Tsutsar wuyan doki, wadda likitoci ke kira Onchocerca cervicalis, siririya ce kamar zare. Manyanta suna zama a cikin babbar jijiyar da ta tashi daga ƙeyar doki zuwa kafaɗarsa, ƙarƙashin geza, kuma sukan yi shekaru a wurin. Ƴaƴan da suke haifa ba a ganinsu da ido, su ne ke bazuwa cikin fata, musamman a ƙasan ciki, ƙirji, wuya da goshi. Wasu ƙananan ƙudaje masu cizo, Culicoides, ke tsotsarsu daga wannan doki su kai wa wancan. Zama a barga ɗaya kaɗai ba ya yaɗa ta.

Dawakai da yawa suna ɗauke da ita ba alamar komai. Wanda jikinsa bai jure ta ba zai dinga susa a jikin turke ko bango, gashi ya zube, fata ta yi ɓawo, wani wurin ya yi fari. Idan ta kai ido, idon kan yi ja yana hawaye. Masu doki sukan ɗauka ƙazuwa ce, su yi ta shafa mai ba sauƙi. Likitan dabbobi yana tabbatarwa ne da ɗan yankin fata da zai duba a madubin likita.

Ivermectin da moxidectin suna kashe ƴaƴan, amma ba sa kashe manyan, shi ya sa ƙaiƙayin kan dawo, a sake ba da magani. Kwanaki kaɗan bayan magani cikin doki kan kumbura, susa ta ƙaru. Mutuwar ƴaƴan tsutsar ce ke jawo haka. Dokin da idonsa ya kamu, a fara nuna wa likita kafin a ba shi.

Ƴar'uwarta, Onchocerca volvulus, ita ke haddasa makantar rafi ga mutane, ta hanyar cizon baƙin ƙuda na bakin kogi. Ta doki kuwa da wuya ƙwarai ta kama mutum, kuma wanke doki ko hawansa ba ya sa a ɗauke ta.

Abin da ya fi damun mu a asibiti shi ne shan maganin dabbobi. An auna ivermectin na doki ne don dabba mai ɗaruruwan kilo, yana iya jawo wa mutum amai, jiri, har da suma. Mai ƙaiƙayin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko ƙulli a ƙarƙashin fata, ko raguwar gani, ya je asibiti a auna shi.