Daga Zakaran Jamus Zuwa Ɗakin Uwargida

'Yar'uwa, sau nawa aka ce miki kin cika saurin fushi, alhali ke kanki ba ki san abin da ya taɓa ki ba? To, ki saurara, wannan magana tana da tarihi.

A shekarar 1849, wani likita a ƙasar Jamus, Arnold Berthold, ya fiɗiye wasu zakaru. Sai ga shi sun daina cara, sun daina faɗa, ko kallon kaza ba sa yi. Waɗanda ya dasa wa 'ya'yan maraina a cikin ciki kuwa, sai suka ci gaba da halinsu na zakaru. Daga nan ya gane akwai wani abu da ke bin jini yana juya hali. A 1905 Ernest Starling na Ingila ya raɗa wa irin wannan sinadari suna homon, kalmar Girkanci mai nufin zaburarwa.

Amma fa mata sun daɗe ba a saurare su ba. Mace ta kai kukan ɓacin rai da ciwon kai gab da al'adarta, sai a ce raki ne. Wata likita a Ingila, Katharina Dalton, ta lura ciwon kan da ke kama ta duk wata ya ɓace da ta samu juna biyu. A 1953 ita da Dakta Raymond Greene suka wallafa bincike a kan wannan lalura, masana suka yi ta muhawara.

Ba duk abin da ta faɗa ne ya tabbata ba. Maganin da ta dogara da shi bai ci jarrabawar masu bincike ba. A 1998 wasu likitoci a Amurka suka nuna homon ɗin masu lalurar daidai yake da na sauran mata, jikinsu ne ya fi jin hawa da saukarsa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa nau'inta mai tsanani cikin jerin cututtuka.

Kin ga ke nan ba mugun hali ba ne, kuma ba lasisin zagin maigida da dukan yara ba ne. Ki riƙa rubuta ranakun da abin ke taso miki, wata biyu ko uku. In ya hana ki sukuni, ki kai wa likita takardar. Rashin sani ya fi dare duhu.