Kiwon kifi da noman ganye a tsohon tankin masana'anta

Akwafoniks hanya ce ta kiwon kifi da noman ganye da ruwa ɗaya. Kashin tarwada ko karfasa yana fitar da sinadarin amoniya, ƙwayoyin bakteriya su mayar da shi taki, saiwar latas ko alayyafo ta tsotse, ruwan ya koma wa kifin a tace.

A Fagge da Sabon Gari, inda fili ya yi ƙaranci kuma gidaje da dama ke sayen ruwa wurin 'yan garuwa, tsohon tankin IBC mai cin lita 1,000 ya dace da wannan aiki. Akan yanka shi gida biyu: gindin ya zama mazaunin kifi, saman a kife shi, a cika da tsakuwa, a yi shuka.

Haɗarin yana cikin abin da tankin ya taɓa ɗauka. Masana'antun jima na Challawa da Sharada suna amfani da sinadarin kuromiyom, roba kuma tana iya riƙe guba ko bayan wanki, ta kashe kifin ko ta bi shi har cikin miya. Saboda haka a nemi tankin da kayan abinci kaɗai ya ɗauka. Wanda takardar jikinsa ta goge, a bar shi.